Sunan da Malama Ta Tsallake

Ni aka tura bita Birnin Kebbi, kuma ba don na fi kowa ilimi ba. Takarda ce ta zo makarantarmu a Bagudo, wai a aiko malami guda ya koyo yadda ake koyarwa da intanet. Firinsifal ya karanta ta a ofishin malamai, kowa ya sunkuyar da kai yana duban farcensa, ni kuwa da bakina ba ya iya zama wuri ɗaya na ce ai abin ba shi da wuya. Shi ke nan aka rubuta sunana. Lissafi nake koyarwa, a lokacin ni ce ƙarama cikin malamai, kuma an san ni da saurin magana da saurin fushi. Har yau ban rabu da su ba, na dai rage.

Kwana uku muka yi ana nuna mana abu guda ta fuska daban-daban. Shafi ne a intanet wanda mutum goma ko ashirin za su shiga lokaci ɗaya, kowa na rubutu, kowa na ganin abin da ɗan'uwansa ke rubutawa, malami kuma yana sa gyara ko yabo a ƙarƙashin aikin kowa. Abin ya burge ni ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Mai koyar da mu, wani siririn mutum mai gilashi, ya yi ta nanata magana ɗaya: in mun koma, kowane malami shi zai shigar da sunayen ɗalibansa da hannunsa. Ya ce kada mu kuskura mu yi wa kowa, in mun yi sau ɗaya to mu za mu yi ta yi har mu yi ritaya. Na rubuta wannan a littafina, na ja masa layi biyu. Na dawo gida da takardar shaida da kumburarren kai.

Kayan aiki muna da su daidai gwargwado. Akwai wasu ƙananan kwamfutoci da aka taɓa ba makarantar, suna kulle a kabad ɗin ofis tun kafin a kawo ni, ga kuma sola a kan rufin ɗakin karatu. Sabis ne matsalar. A cikin aji sai ya ga dama, amma a gindin dogon yaro da ke bakin ƙofa ba ya yankewa, don haka can muke fitar da benci. Maganar yara su yi aikin a gida kuwa tun farko na yar da ita. Waɗanda ke zuwa daga ƙauyukan bakin iyaka, wayoyin gidajensu sabis ɗin Benin suke kamawa rabin yini, su yi ta gaishe su da Faransanci. Ga shi wayar ta uba ce ko ta yaya, tana kasuwa tare da mai ita.

Malamai na fara koya wa, kowace Laraba bayan an tashi. Ranar farko na buɗe shafi na ce kowa ya rubuta abin da ya ga dama. Manyan mutane zaune, yatsu a sama, ba wanda ya taɓa. Ashe jira suke Firinsifal ya fara. Da ya rubuta layinsa guda sai kowa ya bi a ƙasa bisa girma, Mataimaki, sannan masu furfura, sannan mu. Malamin aikin gona ya goge rubutun Mataimaki bisa kuskure, ya miƙe tsaye ya cire hula yana ba da haƙuri, sai ka ce ya take masa akuya da mashin. Na ce, “Don Allah ku zauna, Malam, abin nan ba ya mutuwa, ana dawo da shi.” Na dawo da shi suna kallo. Sau nawa raina ya ɓaci a watan nan, Allah kaɗai ya sani.

Mutum ɗaya ce ba ta ba ni wahala ba, Malamar Hausa. Ita ta koya mini insha'i a aji ɗaya lokacin tana sabuwar malama, ga shi yanzu ina tsaye a kanta ina cewa danna nan, danna can. Doguwar mace ce marar yawan magana, ba ta taɓa ɗaga murya a aji ba, kuma ba a taɓa yi mata surutu ba. Tun ina yarinya “ɗiyata” take kirana, har na girma na yi aure na zama abokiyar aikinta ba ta canza ba. Ta zo da ƙaramin littafi, duk abin da na faɗa ta rubuta shi ɗaya bayan ɗaya, cikin mako biyu ta wuce kowa. Ita ta fara kai abin aji. Ta raba ’yan aji biyar rukuni-rukuni, kowane rukuni ya rubuta labarin kasuwa guda, wasu ta Bagudo, wasu ta Bahindi, wasu ta bakin iyaka inda ake ciniki da Hausa da Dendanci a haɗe. Da Firinsifal ya ga yaran da ba su taɓa buɗe baki a aji ba suna zuba rubutu, daɗi ya kama shi, ya ce makin gwajin Hausa na zangon a wannan aikin za a ɗauke shi. Ni kuwa ina tafiya ina jin kamar ni na ƙirƙiro intanet.

A mako na uku da fara aikin na ratsa ta gindin dogon yaro in duba ko kwamfutocin na da caji. Yara sun cunkushe uku-uku, huɗu-huɗu a kan kowace, ana gardama, ana ƙwace. A ƙarshen benci wata yarinya na zaune, hannuwanta cikin hijabi, tana kallon hanya. Na san ta, kowa ya san ta. Ɗiyar Malama ce ta fari, kuma ita ce ta ɗaya a darasina na lissafi.

A wajenmu har yanzu akwai gidajen da ke riƙe da kunyar ɗan fari da gaske, gidan mijin Malama na cikinsu. Ba ta faɗin sunan yarinyar, ba ta yi mata magana gaban mutane, in dole ta ambace ta sai ta ce “waccan”. Ta daɗe ba ta haihu ba bayan aure, da haihuwar ta zo idon dangi duk yana kanta, a ga ko za ta zaƙe. Ba ta zaƙe ba. Da aka yaye yarinyar aka kai ta Kurgu wurin kakarta ta wajen uba, can ta tashi, can ta fara karatu. Sai da tsohuwar ta rasu aka dawo da ita Bagudo, ta zama budurwa, ta shigo gidan da ƙannenta huɗu ke hawa jikin uwarsu ita kuwa ko kallo sai an sata.

Na tsaya a kanta na ce, “Ke, mi kike jira? Ina rukuninku?”

Ta ce, “Ba ni ciki, Anti.” Haka yara ke kirana.

“Ba ki ciki kamar yaya?”

“Sunana bai fito ba.”

Na karɓi kwamfuta a hannun wani na buɗe jerin sunayen ajin. Na bi shi daga sama har ƙasa, na sake bi. Kowa na nan, har wani yaro da ya yi wata bai zo makaranta ba. Ita kaɗai ce babu. Mako uku ke nan tana fitowa da benci tare da su, ta zauna, a tashi ta mayar da benci.

Na ce, “Mi ya hana ki faɗa?”

Ta ɗago ta dube ni. “In faɗa wa wa?”

Sai na koma faɗa, da ma shi na iya. Na ce ta san makin zango a nan yake? Ta san sifiri za ta samu? Ta bar ni na gama, sannan ta ce ba komi, ko da ma in an yi hutu Kurgu za ta koma wurin baffanta. Ta gaya masa, ya ce in babanta ya yarda ba laifi, babanta kuma bai ƙi ba.

“Makarantar fa? Saura shekara ɗaya da ’yan watanni ki gama.”

Ta ce, “Can ma ana rayuwa, Anti. Can in na shiga gida ana kiran sunana.”

Abin da na yi bayan nan har yau in na tuna sai na ji kunya ta rufe ni. Lokacin tara ne, an fita hutun cin abinci, ofishin malamai cike, wasu na cin ƙosai, Malama na zaune a kujerarta ta bakin taga tana duba littattafai. Na shiga da kwamfutar a hannu na dire mata a kan tebur. Na faɗi sunan yarinyar da ƙarfi, cikakke, har da na uba. Na ce ina sunanta a nan? Na ce ɗiyarki ce, ke kika haife ta, mako uku tana zaune kamar baƙuwa kina wucewa ta gabanta. Na ce ni da ba ki haifa ba kullum “ɗiyata, ɗiyata”, wadda kika haifa kuwa ko sunanta kin kasa rubutawa. Na faɗi wasu ma da na roƙi Allah ya mantar da ni.

Ta ja mayafinta ta rufe rabin fuska, ta tattara littattafan a hankali, ta daidaita gefensu, ta fita. Malamin aikin gona ya ajiye ƙosansa.

Mataimaki ne ya kira ni ofishinsa. Dattijo ne, sa’an babana, bai saba yi wa kowa tsawa ba, ranar ma bai yi ba. Ya ce in zauna. Ya ce, “Ke ba ’yar garin nan ba ce?” Na ce ’yar garin nan ce. Ya ce to, shekara biyu yarinyar nan na makarantar nan, wa nake tsammani ke duba takardunta na Hausa? Shi ne. In an yi jarrabawa Malama ta zare takarda ɗaya ta ajiye a kan teburinsa, ba ta cewa komi, shi ma ba ya cewa, ya duba ya sa maki ya mayar. Katin sakamako kuma malamar Turanci ke cike gurbin. Ba wanda ya taɓa zama aka shirya haka, kowa dai ya ga inda aka bari sai ya cike.

Ya ce, “Wanga karon ke ce mai makullin abin. Ta bar miki gurbi ɗaya, ba ki gani ba. Da kin gani kuma, sai kika zo kika tona ta gaban mutane.”

Rubuta sunan nan bai fi ƙiftawar ido ba a wurina. Amma na dawo daga Birnin Kebbi da dokar mai gilashi a kaina, kowa ya shigar da nasa, har ina alfahari ban taɓa yi wa kowa ba. Abin da kakata da ba ta taɓa shiga aji ba za ta gane da kallo ɗaya, ni mai takardar shaida ya wuce ni.

Bayan la’asar na hau kabu-kabu na tafi gidanta. Yaran duk suna Islamiyya. Na same ta a tsakar gida kan tabarma tana tsintar shinkafa a faifai. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa kamar ba abin da ya faru, har tana tambayar mai gidana da yara. Na ba da haƙuri, na yi kuka, ni da kuka ba wuya. Ta ce in tashi in zauna, ya wuce.

Tana tsinta ta ce, “Na gwada. Sau uku. Ga malamai tsaye bayana suna koyo wurina. Na kai hannu, hannun ya ƙi.” Ta jefar da wata tsakuwa. “Kuma in na sa ta, sai na yi mata gyara, aji duka na gani. In na yaba, a ce ga marar kunya tana yabon ɗiyarta. In na yi shiru, ita kaɗai anka yi wa shiru. Na ɗauka za ki lura ki sa ta, ki duba mata.”

Na ce, “Malama, ta ce Kurgu za ta koma.”

Hannunta ya tsaya a kan faifan, sannan ya ci gaba. “Babanta ya gaya mini.”

“Mi kika ce?”

“Mi zan ce? In ce kada a kai ta? Da wane baki?”

Haushi ya sake taso mini, amma wannan karon ba ita nake jin haushi ba. Ni ɗana na fari da sunansa nake kiransa, in goya shi in shiga kasuwa, surukata ta yi ta mita har ta gaji ta bari. Amma ni zamanina daban, gidan da na shiga ma daban. Ita an yaba mata da wannan kawaicin shekara goma sha shida, an yi misali da ita a gidajen biki, yau kuma ni ƙaramar yarinya in ce ta sauke shi a yini ɗaya. Tausayinta ya kama ni, matuƙa. Na ga mace tana kallon ɗiyarta za ta fita daga hannunta karo na biyu, ta kasa buɗe baki.

A kan kabu-kabu ina komawa dabarar ta zo mini, har na sa mai mashin ya tsaya don in rubuta kada in manta. Washegari na sami Firinsifal na ce ina son a cire sunaye daga shafin ’yan aji biyar, a ba kowane yaro lamba. Na ce don adalci ne, kada malami ya san aikin wa yake dubawa. Ya dube ni ta saman gilashinsa, ya ce, “Adalci abu ne mai kyau,” ya ci gaba da rubutunsa. Ya gane sarai. Na zauna ni kaɗai na shigar da ajin gaba ɗaya da hannuna, dokar Birnin Kebbi kuwa na bar ta can. Na rubuta lambobin a ’yan takardu na raba wa yara a ninke. Jerin wane ne mai wace lamba yana jakata, ba wanda ya gan shi. Yarinyar ta samu sha bakwai.

Da na yi wa Malama bayanin sabon tsarin, ta saurara, ta rubuta a ƙaramin littafinta, ta ce, “To.” Ba ta tambaye ni lambar kowa ba, ranar ko bayanta.

Abin da ban yi tsammani ba, sauran yaran ma sai suka sake. Waɗanda ke jin nauyin a ga kuskurensu suka fara rubutu ba tsoro. Wata lamba ta gyara wa wata lamba jimla, alhali na san mai gyaran ƙaramar yarinya ce daga Bahindi, wanda aka gyara wa kuwa shugaban ɗalibai ne, da da suna ne ko a mafarki ba za ta taɓa ba. Malamar Turanci ta zo ta ce ita ma lambobin take so. Har malamin aikin gona ya ce a yi masa.

Malama ta ba da sabon aiki, kowa ya rubuta game da garin da ya tashi, a haɗa ya zama littafin aji. Kowane mako a ƙara sakin layi, ita kuma ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta sa gyara. Lamba sha bakwai ta rubuta yadda ake turara shinkafa a Kurgu, yadda kakarta ke gane ta yi daga ƙamshi ba sai ta buɗe tukunya ba. A ƙasa Malama ta rubuta, “Jimla ta biyu ta yi tsawo, a raba ta. Bayanin ƙamshin ya yi kyau ƙwarai.” Irin abin da take rubuta wa kowa ne, ba ƙari ba ragi. Amma na ga yarinyar lokacin da ta karanta. Ta karanta, ta rufe kwamfutar, ta sake buɗewa ta karanta. Mako na gaba rubutunta ya ninka na kowa.

Haka aka yi ta yi. Ta rubuta, a gyara mata, a yaba inda ya dace, wani lokaci a yi mata tambaya, ta amsa. A gida, ƙanwar yarinyar da ke aji ɗaya ta ce mini, ba abin da ya canza. A tsakar makaranta in sun haɗu, uwar ta dubi gabas, ɗiyar ta dubi ƙasa.

Wata rana yarinyar ta tare ni a bakin aji ta ce, “Anti, ta san ni ce?”

Na ce ban sani ba, kuma gaskiyata ke nan. ’Yan Kurgu uku ne a ajin, kowannensu na da kaka. Na tambaye ta maganar komawa, ta ce tana nan, baffanta zai zo ranar da aka ba da hutu.

Saura mako biyu a rufe makaranta ta rubuta abin da ya tayar mini da hankali. Ta rubuta yadda aka kai ta Kurgu, kamar yadda matan gidan suka sha ba ta labari. Ba ta ce “ni” ba. Ta ce wata mata ta zo da yarinya a goye ranar kasuwa, ta kwance ta ta miƙa wa tsohuwa a bakin zaure. Yarinyar na kuka tana miƙa hannu, matar ta gyara zaninta ta juya, har ta sha kwana ba ta waiwaya ba. Mutanen gida suka yi ta yaba mata, suna cewa ga ɗiyar mutunci. A nan ta tsaya, ba ta ƙara ko kalma ba.

Na karanta shi har ƙarshe. Na yi niyyar ɓoye shi kafin Malama ta gani, yatsana har ya kai wurin. Sai na tuna inda shisshigina ya kai mu a baya, na janye hannu.

Malama ta duba aikin kowa a makon nan, ta tsallake sha bakwai. Kwana ɗaya, kwana biyu. Yarinyar ta buɗe ta ga ba komi, ta rufe, ta koma ƙarshen benci inda na fara ganinta. Na ce shi ke nan, na ɓata abin da ya fara gyaruwa. Ko abinci ban iya ci ba sosai.

Rana ta uku bayan an tashi, ina kwashe kwamfutoci, Malama ta zo ta tsaya a gefena. Ta ce, “Akwai yadda za a yi gyara, mai rubutun kaɗai ya gani?”

Na ce akwai. Na nuna mata, ta sa na sake nunawa, ta rubuta a littafinta. Ta ce in bar mata ɗaya, za ta kai ofis da kanta. Na bar ta a gindin dogon yaro, makaranta ta watse, tana danna haruffa da yatsa ɗaya. Ni ke da makullin shafin, in na so zan iya karantawa. Na so ƙwarai, har na ɗauko wayata a gida na ajiye ya fi sau biyar. Allah ya taimake ni ban buɗe ba.

Washegari lokacin tara yarinyar ta same ni a ajin da ba kowa, rungume da kwamfuta. Ta juyo mini da ita. Ga abin da ke ciki, na karanta shi sau ɗaya amma ya zauna mini:

“Rubutun ya yi kyau, amma labarin bai cika ba. Mai rubutu ya kamata ya bincika kafin ya rubuta. Gaskiya ne matar ba ta waiwaya ba, surukarta na tsaye da mutanen gida. Amma ba ta hau mota ba. Ta zagaya ta shiga gidan maƙwabta da ke bayan rumbu, ta kwana uku a can tana jin kukan ta cikin danga. Sai rana ta uku, da yarinyar ta karɓi kunu ta yi shiru, sannan ta tafi. Tsohuwar ta sani, ita ke aika mata tuwo, ta rufa mata asiri ne shi ya sa ba ta faɗa ba. A gyara wannan wurin. Aikin bai ƙare ba, zango mai zuwa za a ci gaba daga nan, kuma ana son mai wannan lambar ta kasance a aji.”

Ni na riga ta fashewa da kuka, abin kunya, malama guda. Ita hawaye kawai ke zuba, tana share su da gefen hijabi don kada su ɗiga a kan kwamfutar. Sai ta ce, “Anti, ya ake ba da amsa, ita kaɗai ta gani?” Na nuna mata. Na fita na ja ƙofa, na tsaya a waje ina korar masu son shiga. Abin da ta rubuta ban sani ba, ban kuma tambaya ba.

Ranar hutu baffanta ya zo da mashin kamar yadda aka shirya, ya ɗaure jakarta a baya, suka tafi. Malama na ofis tana cike katin sakamako, ba ta fito ba. Duk hutun nan hankalina bai kwanta ba, mai gidana har ya gaji da jin maganar, ya ce in na damu haka in hau mota in tafi Kurgu mana. Ban je ba. Na riga na koyi zama wuri ɗaya, ko da kaɗan ne.

Ranar da aka koma na isa makaranta kafin mai gadi ya gama shara. Aka buga ƙararrawa, yara suka yi layi, na bi layin ’yan aji biyar da ido. Tana nan, ta uku daga baya, da sabon hijabi. Malama ta zo wucewa da littattafai a hannu, ta bi ta gefen layin, ba ta dube ta ba, ita ma ba ta ɗago ba.

Da muka shiga ofis Malama ta ajiye kayanta, ta goge ƙurar teburinta, ta zauna. Can ta juyo wajena, murya ƙasa-ƙasa, ta ce, “Lambobin nan na wancan zangon, a bar wa kowa tasa.”

Na ce to, Malama.